Wankin mota na tafi-da-gidanka bayan aikin albashi: in ci bashi in sayi kaya, ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne mai albashi, ina fita aiki daga Litinin zuwa Juma'a, amma albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Na daɗe ina wanke motata da kaina ciki da waje, har abokan aiki suna tambayata wanda yake yi mini. Wannan ya sa nake tunanin fara sana'ar bin masu motoci har gida ko wurin aikinsu ina yi musu wankin ƙwaƙƙwafi a ranakun Asabar da Lahadi. Ina da ajiyar da ta kai albashin wata biyu, kuma ina so in ƙara da bashin da ya kai albashin wata shida, in sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya da tankin ruwa da janareta da injin goge fenti da maganin seramik, wanda ake shafa wa fenti don ya kare shi, da nake gani a bidiyo. Mai ɗakina ba ta amince ba, tana cewa bashin zai danne mu, kuma yara za su daina ganina. Wani abokina kuma ya ce zai zuba kuɗi mu raba riba. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka fara sana'ar, amma kada ka ci bashin, kuma kada ka sayi motar da injin goge fenti a yanzu. Sana'ar da ka hango tana da kasuwa, domin akwai mutane da yawa da suka gwammace su biya ƙari a zo a same su inda suke da su ɓata rabin ranar hutunsu suna jiran layi, kuma kai kana da abin da yawancin masu farawa ba su da shi, wato mutanen da suka riga suka ga aikin hannunka suka yaba. Sai dai mai ɗakinka ta fi ka gaskiya a kan bashin. Bashi yana da ranar biya da ba ta motsi, abokan ciniki kuwa ba su da rana: wata Asabar su yi maka yawa, wata kuma hadari ya haɗo kowa ya ce a bari sai mako mai zuwa. Idan ka ɗora biyan da ba ya sassauci a kan samun da bai zauna ba, albashin nan da ka ce ba ya isa shi ne zai riƙa cike giɓin.

Bari mu yi lissafin da bidiyo ba ya yi maka. Abin da za ka riƙa sayarwa a wannan sana'a shi ne awanninka, awannin ma'aikacin albashi kuwa ƙididdigaggu ne. Wankin ƙwaƙƙwafi na ciki da waje ga ƙaramar mota da ba ta yi mummunan datti ba yakan ci wa mutum ɗaya awa 3 zuwa 4, babbar motar iyali mai layin kujeru uku kuwa takan wuce haka. Ka ɗora a kan wannan lokacin loda kaya, da tafiya, da neman gidan, da jiran mai mota ya fito da makulli, da shimfiɗa kaya da naɗe su, sannan da wankin tawul idan ka koma gida. Za ka tarar mota biyu a rana ita ce aikin da za ka yi da kyau, ta uku kuwa sai dai ka yi ta da gajiyayyen hannu rana tana faɗuwa. Biyu ranar Asabar, biyu ranar Lahadi, mota 16 ke nan a wata, idan ba a yi ruwan sama ba, ba ka yi rashin lafiya ba, babu wanda ya fasa, kuma ba ka huta ko yini ɗaya ba. Babu kuwa mutumin da zai yi ta aiki kwana bakwai a mako na tsawon watanni ba tare da ɗayan ayyukan biyu ya fara lalacewa ba. Adadin da ya kamata ka gina lissafinka a kansa shi ne mota 8 zuwa 10. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kake ganin za a biya ka a kan kowace mota, ka cire kuɗin mai da sabulu da magunguna, ka ninka sau 8, sannan ka dubi abin da mai bashi zai riƙa karɓa duk wata. Ina kyautata zaton kafin ka ajiye biro za ka ga cewa za ka daɗe kana wanke motocin mutane domin kawai ka biya kuɗin wata mota da take ajiye kwana biyar a mako tana jiran Asabar, ana biya mata inshora da takardu da gyara.

Ka ware rabin ajiyarka kawai, ka sayi abin da zai shiga but ɗin motar da kake da ita. Kana bukatar bokiti uku, biyu na jikin mota ɗaya na taya, da safar wanki mai laushi, da tawul ɗin maikurofaiba, wato masu siririn zare mai laushi, masu yawa kala-kala domin ka ware na fenti da na gilashi da na ciki da na taya, da sabulun da aka yi musamman don mota, da maganin wanke roba da yadi wanda ake sirkawa da ruwa, da maganin gilashi, da burusai manya da ƙanana, da doguwar wayar wuta mai kauri, da injin zuƙar ƙura mai iya zuƙar ruwa. Idan kuɗin ya rage ka ƙara da ƙaramin injin feshin ruwa. In akwai inda ya kamata ka ƙi araha, to a kan tawul ne da injin zuƙar ƙura, domin su ne za su fi shan wahala a hannunka. Tawul ɗin kuma a wanke su su kaɗai, ba tare da maganin tausasa tufafi ba, kuma kada a busar da su da zafi mai yawa, saboda zarensu na roba ne, zafi yana ƙandarar da shi ya koma mai zana fenti.

Kafin ka taɓa motar wani da sunan sana'a, ya kamata ka san abin da hannunka yake gogawa. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai shafin ƙasa da yake kama ƙarfe, da shafin launi, sannan da shafin sama marar launi wanda shi ne yake ba mota sheƙi yake kuma kare launin daga rana. Kaurin wannan shafi na sama galibi yana tsakanin maikiron 35 zuwa 50 (maikiron dubu ne suke yin milimita ɗaya), alhali takardar ofis ta yau da kullum tana da kaurin kusan maikiron 100, wato duk sheƙin da mai mota yake alfahari da shi bai wuce rabin kaurin takarda ba. Siraran zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, yawancinsu wanki ne ya kawo su, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a tsumma ta isa ta bi ƙofa tana zane. Shi ya sa ƙwararru suke fara ɗauraye motar sosai kafin su sa mata hannu, suke aiki da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye safar wanki bayan kowane sashe, suke farawa daga rufi su gangaro ƙasa inda datti ya fi yawa, kuma ba sa barin abin da ya taɓa taya ya taɓa fenti. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Kada ka yi amfani da omo ko sabulun wanke kwanuka, domin suna cire kakin kariya da aka shafa wa mota, kuma kada ka yi wanki a tsakar rana jikin mota yana da zafi, saboda ruwan yakan bushe kafin ka goge ya bar tabon ma'adinan da suke cikinsa, wanda a wasu lokuta yakan ci har cikin fenti. Wannan batu na inuwa shi ne babbar matsalar mai tafi-da-gidanka, tunda ba kai kake zaɓen wurin aiki ba. Ka tambaya tun a waya ko akwai inuwa, idan babu ka sa aikin waje da sassafe, ko ka riƙa wanke sashe ɗaya kana busar da shi kafin ka wuce na gaba.

Wannan ya kawo mu ga injin goge fenti da zuciyarka ta kwanta a kansa. Mutane da yawa suna zaton injin yana cike zane ne, alhali abin da yake yi shi ne ya kankare shafin sama da yake kewaye da zanen har ya sauko daidai da zurfinsa, sai ido ya daina gani. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ba ka san sau nawa aka goge motar kafin ta zo hannunka ba, ba ka san wace ƙofa aka taɓa yi wa fenti bayan hatsari ba, kuma a bakin ƙofofi da kan lanƙwasar bonet fentin ya fi siranta. Injin da yake juyawa waje ɗaya kawai yana iya ƙone gefe a cikin daƙiƙoƙi a hannun sabon shiga. Wanda yake juyawa yana kuma rawa ya fi sassauci, amma shi ma ba abin koyo a kan motar mutane ba ne. Idan ka huda shafin sama babu magani sai sabon fenti ga sashen gaba ɗaya, kuma kuɗin wannan zai cinye ribar motoci da dama. Lokacin da ka isa sayen injin, daga ribar sana'ar ba daga bashi ba, ka fara sayen tsohon bonet ko ƙofa daga masu sayar da ragowar kayan mota, ka yi ta koyo a kai har ka ƙone shi da gangan domin hannunka ya san inda iyakar take, ka kuma haɗa da na'urar auna kaurin fenti.

Maganin seramik shi ma haka yake, har ya fi. Ba a shafa shi sai an wanke fentin, an cire ƙazantar da ta maƙale a jikinsa, an goge zane, domin duk aibin da ka rufe a ƙarƙashinsa zai zauna a nan. Yana son wuri rufaffe marar ƙura mai haske sosai, masu yin sa kuma sukan sharɗanta kada ruwa ya taɓa motar na kusan yini guda bayan shafawa, sannan inda ka bar shi ya taru ya bushe sai an sa inji an goge kafin ya fita. Mutumin da yake aiki a farfajiyar gidan wani, iska tana kaɗo masa ƙura, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, ga shi kuma zai karɓi kuɗi mai kauri a kan alƙawarin shekaru. A yanzu ka tsaya a kan kakin shafawa, irin wanda ake samu daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Barazil, wanda yake yin makonni zuwa 'yan watanni, ko kuma maganin feshi na kariya da yake yin watanni. Suna da sauƙin shafawa, kuskurensu yana gyaruwa, kuma da yake suna ƙarewa suna dawo maka da mai motar.

A ganina cikin mota ne kasuwarka, ba wajenta ba. Kowa yana iya watsa wa mota ruwa, amma 'yan kaɗan ne suke da haƙurin bin ƙarƙashin kujeru, da layin da kujera take gudu a kai, da ramin ajiye kofi, da hancin iyakwandishan, da bakin ƙofofi, kuma a ciki ne mai mota yake zama, a nan idonsa da hancinsa za su yi maka shaida kullum. Sai dai cikin ma yana da tarkonsa. Kada ka jiƙa kujerun yadi da kafet fiye da abin da injinka zai iya zuƙewa, domin soson da yake ƙarƙashi yana riƙe ruwa, kuma abin da ya kwana ɗaya ko biyu a jiƙe a rufaffiyar mota yakan fara fumfuna da wari, sai a kira ka ranar Talata kana ofis. Maganin gilashi mai sinadarin amoniya yana lalata ledar duhu da ake manna wa gilashi. Allon taɓawa na gaban mota ba ya son a fesa masa magani kai tsaye. A fesa wa tawul kaɗan a goge a hankali. Bel ɗin kujera ba a sa masa bilic, ana wanke shi da sabulu mai sauƙi a bar shi a miƙe ya bushe kafin ya koma. A ƙarƙashin kujerun gaba akwai wayoyin jakar iskar da take kare mutum idan an yi hatsari, galibi mahaɗinsu rawaya ne, kada ka cire su kuma kada ka jiƙa su. Duk wani sabon magani kuma ka fara gwada shi a ɓoyayyen wuri.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe fiye da sauran, domin na ɗanɗana shi da kaina. Na taɓa karɓar motata daga hannun wani mai wanki tana ƙyalli ko'ina, na yi murna na biya, sai da na zo kwana ta farko na ji sitiyari yana zamewa a tafin hannuna, ashe man ƙyalli ya shafa masa, har da robar birki. Man ƙyalli ba ya zuwa kan sitiyari, ko birki da totur da kuloci, ko fuskar taya da take taka ƙasa, komai kyan da zai yi a hoto.

Wankin inji kuwa ka ce ba ka yi, aƙalla a shekarar farko. Ruwa mai ƙarfi a kan altaneta ko akwatin fis ko hanyar shigar iska yana iya hana mota tashi, motoci masu aiki da lantarki kuma suna da wayoyi masu launin ruwan lemo da suke ɗauke da wuta mai kisa. Haka nan ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowace kwalba: wasu magungunan wanke wili suna ɗauke da asid mai suna haidirofulorik, wanda yake ratsa fata ya yi ɓarna a ciki tun kafin mutum ya ji zafi sosai, kuma babu dalilin da zai sa mai farawa ya ajiye irinsa. Safar hannu da tabarau ba ado ba ne, bilic kuma ba a haɗa shi da wani magani.

Batun ruwa da wuta shi ne ya sa kake ganin dole sai ka sayi babbar mota, to bari mu auna shi. Lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 200 daidai yake da ɗaukar manyan mutane uku a but, ga shi ruwan da bai cika tanki ba yana tangaɗi a kwana da lokacin taka birki. Ƙaramin injin feshi na gida yana fitar da lita 5 zuwa 8 a minti, wato minti goma na feshi ya isa ya cinye lita 60 ko fiye. Amma yawancin gidajen da za su kira ka suna da famfo da soket, kuma babu laifi ka faɗa tun farko cewa da ruwansu da wutarsu za ka yi aiki, farashinka ya nuna haka. Inda babu ruwa, akwai sabulun da ake wanki da shi ba tare da ɗauraya ba, wanda bokiti ɗaya ko biyu suke isar mota idan ƙura ce kawai a jikinta ba laka ba, kuma jarka biyu sun ishe ka. Idan daga baya ka sayi janareta, ka tuna hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari amma tana kisa. A waje ake ajiye shi, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, ba a cikin gareji ba ko da an buɗe ƙofa. Ka kuma dubi inda ruwan wankinka zai gangara. Magudanar ruwan sama a wurare da yawa kai tsaye take zuba a rafi ba tare da an tace ba, shi ya sa hukumomi a ƙasashe da dama suka hana masu sana'a zuba ruwan sabulu da baƙin mai a cikinta. A Amurka wannan yana da tushe a dokar tsaftar ruwa ta 1972, a Jamus kuma garuruwa da yawa sun taƙaita wankin mota a bakin titi. Ka je hukumar yankinka ka tambayi ƙa'idarsu tare da batun rajista da haraji, tun kafin maƙwabcin wani ya kai ƙararka.

Sauran maganar ta amana ce. Mutum zai miƙa maka makullin abin da wataƙila ya fi komai tsada a cikin dukiyarsa, a cikin gidansa, ya shige ciki ya bar ka. Kafin ka sa ruwa, ku zagaya motar tare ka nuna masa kowane zane da loɓawa da tsagewar gilashi, ka ɗauki hoto da wayarka, domin datti yana ɓoye aibi, wanki kuma yana tona shi, sai mai mota ya rantse da gaskiyarsa cewa jiya babu wannan zanen. Ka roƙe shi ya kwashe kuɗi da takardu da duk abu mai daraja, abin da ka tsinta kuma ka zuba a leda ɗaya ka miƙa masa, ko da tsabar kuɗi ce da ba ta kai komai ba. Kada ka tuƙa motar kowa zuwa ko'ina. Ka nemi kamfanin inshora ka tambaya musamman ko suna da tsarin da yake biyan ɓarnar da ta auku ga motar da take hannunka kana aiki a kanta, domin ba kowace inshorar sana'a ce take ɗaukar wannan ba, ka kuma tambaya ko inshorar motarka ta yarda ka yi zirga-zirgar kasuwanci da ita. Ranar da ka yi ɓarna, kuma za ka yi, ka riga mai motar faɗa.

A wajen farashi, kuskuren masu farawa shi ne su yi araha don su jawo mutane, sai su tara abokan cinikin da za su gudu ranar da aka ƙara. Ka yanke abin da awa ɗaya ta aikinka ta cancanta, ka auna da awannin da mota take ci har da tafiya, ka bambanta ƙaramar mota da babba. Kada ka yanka kuɗi sai ka ga hoton cikin motar, domin motar da ake kai yara makaranta da ita, ko wadda kare yake shiga, aikinta ninki ne. Ka ƙayyade nisan da za ka je, wanda ya wuce shi ya biya kuɗin hanya, kuma ka karɓi kafin alƙalami daga sabon abokin ciniki saboda Asabar ɗinka guda huɗu ce kawai a yawancin watanni. Abokan aikinka da suka yaba su ne za su fara kiranka, su ne kuma za su fara cewa a bari sai an yi albashi. Ka yi musu rangwame sau ɗaya idan kana so, ka faɗi cewa rangwame ne, amma kada ka buɗe littafin bashi. Kuɗin sana'a kuma su zauna a asusu daban, kana ware wani abu daga kowace mota domin ranar da inji zai mutu.

Abokin cinikin da ya fi amfani a gare ka shi ne mai dawowa, kuma wanda yake kusa da wani. Motar da ka yi wa ƙwaƙƙwafi wannan wata, idan ka dawo mata bayan mako uku ko huɗu ba za ta ci rabin lokacin farko ba, motoci uku a layi ɗaya ko a farfajiya ɗaya kuma sun fi huɗu da suke warwatse a gari, tunda sau ɗaya za ka sauke kaya. Don haka duk wanda ka gama wa aiki ka tambaye shi ko a sa masa rana ta gaba, ka kuma roƙe shi ya gaya wa maƙwabcinsa. Hoton kafin aiki da bayan aiki yana jawo mutane, amma da izinin mai mota, kuma a rufe lambar motar. Ka duba takardar ɗaukarka aiki, domin wasu ma'aikatu suna sharɗanta a sanar da su sana'ar waje, kuma kada ka riƙa amsa kiran ciniki a lokacin aikin da yake ciyar da gidanka.

Abokinka ka gode masa ka ce ba yanzu ba. A sana'ar da jarinta kaɗan ne, gumi kuma shi ne kusan komai, wanda ya zuba kuɗi sau ɗaya yana karɓar rabin riba duk wata zai zame maka nauyi tun kafin wata na shida, abota kuma ta yi tsami. Idan wata rana kuna so ku haɗu, a rubuta wanda ya mallaki kaya, da ladan aikinka kafin a raba riba, da yadda za a rabu.

Maganar mai ɗakinka ta biyu, wato ta yara, ita ma kada ka ɗauke ta ƙorafi. Ku zauna ku yanke cewa yini ɗaya a ƙarshen mako na gida ne, ba a sayar da shi ko nawa aka taya, ku kuma amince cewa gwaji ne na wata uku da rabin ajiya, sauran rabin ba a taɓa shi. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace mota: lokacin da ka fita daga gida da lokacin da ka dawo, abin da aka biya, abin da ka kashe, da duk aikin da aka nema ka kasa yi da dalilin kasawar. Bayan wata uku ku buɗe littafin tare ku nemi abu uku, wato mutum nawa suka kira ka karo na biyu, nawa awa ɗaya ta kawo bayan an cire komai idan aka gwada da awa ɗaya ta albashinka, da kuma wane aiki ne aka fi nema ka mayar. Idan na farko da na biyu ba su yi kyau ba, ka yi asarar bokitai da tawul da za su ci gaba da yi wa motarka amfani, babu mai bin ka ko sisi. Idan sun yi kyau, na ukun ne zai gaya maka abin da za ka saya. Ina zaton za ka tarar injin wanke kujera mai fesa ruwa ya zuƙe shi ne ya kamata ya riga injin goge fenti shigowa, motar ɗaukar kaya kuma ta jira ranar da but ɗinka ya kasa ɗaukar kayan da cinikin ya saya da kansa.